Raunin Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Yauri: Martani Ga Mai Cewa a Haƙura a Zauna Gida

Raunin ƙwaƙwalwa na buguwa shi ne lahanin da ke samun ƙwaƙwalwa idan wani abu ya daki kai, ko kan ya girgizu da ƙarfi, ko wani abu ya huda ƙoƙon kai ya shiga ciki. A ƙasar Yauri ba a rasa inda ake samo shi. Akwai karon babur da mota a kan babban titin da ya taso daga Kontagora, ya ratsa Yelwa, ya nufi Koko da Jega. Akwai faɗowa daga saman motar albasa ko daga kan mangwaro, da ruftawar ramin zinariya a yankin Birnin Yauri cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, da bugun gora a rikicin gona, da harsashin 'yan bindiga. Wani ƙiyasi da masana suka wallafa a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 69 ne ke samun irin wannan rauni a duniya kowace shekara, kuma a Afirka haɗarin hanya ne ke haddasa fiye da rabinsa.

Wani marubuci ya taɓo wannan batu, ya kuma ba talakawan Yauri da Shanga da Ngaski shawarar su daina wahalar da kansu a kansa. Hujjojinsa biyar ne. Na farko, wanda ya faɗi ya tashi da ƙafarsa, ya yi magana, babu jini, to ya tsira, kai shi asibiti ɓarnar kuɗi ce. Na biyu, wanda ya bugu har ya yi dogon suma ba zai kai Sakkwato da rai ba, in ma ya kai, gawa ko nakasasshe za a dawo da shi bayan an sayar da kwalekwale da shanun noma. Na uku, sauyin hali da ke biyo bayan haɗari ba aikin likita ba ne, iska ce ta samu kafa lokacin firgita, ko kuma taɓara ce kawai. Na huɗu, hular kwano kayan birni ce, ba ta dace da zafin bakin kogi ba, kuma ba ta hana ajali. Na biyar, da zarar an sallamo mutum daga asibiti babu abin da ya rage sai haƙuri, yadda ya dawo haka zai ƙare.

Duk mai adalci zai shaida cewa tausayi ne ya sa marubucin magana. Nisan hanya gaskiya ne, tsadar hoton ƙwaƙwalwa da tiyata gaskiya ce, kuma akwai gidajen da jinyar mutum ɗaya ta talauta su. Sai dai shawarar da ya ɗora a kan waɗannan gaskiyoyi karkatacciya ce, kuma in aka bi ta za a yi asarar rayukan da ake iya cetowa da izinin Allah. Ga hujjojin nasa ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko: ai ya tashi, har ya yi magana

Ƙoƙon kan babba a rufe yake ruf, ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Ƙwaƙwalwar da ke ciki kuwa laushi gare ta, tana zaune cikin ɗan ruwa, tantani uku na lulluɓe da ita. Idan aka jijjiga ƙwaryar kindirmo da ƙarfi, kindirmon kan farfashe alhali ƙwaryar ko tsagewa ba ta yi ba. Haka ƙwaƙwalwa ke yi idan kai ya daki kwalta: takan bugi ƙashin gaba, ta koma ta bugi na baya, siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassanta su miƙe ko su tsinke, jijiyoyin jini su fashe. Duk wannan na iya faruwa ba tare da ɗigon jini ya fito waje ba. Fatar kai kuma jijiyoyin jini sun yi mata yawa, shi ya sa ƙaramin yanka kan jiƙa riga sharkaf alhali ciki lafiya lau. Saboda haka jinin da ido ya gani ba ya auna girman rauni.

A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma wata jijiyar jini ta bi ta ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa taruwa tsakanin ƙashi da tantanin waje. Mutum kan ɗan suma, ya farfaɗo, ya karkaɗe rigarsa, ya tada babur ɗinsa, har ya tsaya gardamar wa ke da laifi. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya danne shi, mutanen gida su ce a ƙyale shi ya huta. Gudan jinin da ke girma ne yake matse ƙwaƙwalwa, tun da babu inda zai bi ya fita. Mafi yawan waɗanda aka yi wa tiyata kafin su nutse cikin dogon suma sukan warke su koma aikinsu. Waɗanda aka bari su huta kuwa, da yawa da asuba ake tarar da su sun cika.

Haka ta faru da Natasha Richardson, 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, a watan Maris na 2009. Ta faɗi a wurin wasan zamiyar ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ta ƙi a duba ta da farko. Bayan kwana biyu ta rasu, kuma binciken gawa ya nuna irin wannan taruwar jini ce. Ita ma ta cika dukkan sharuɗɗan tsira da marubucin ya gindaya. In har tashi da magana ba su zama shaidar lafiya ga mai kuɗi a Kanada ba, ta yaya za su zama shaida ga ɗan kabu-kabu a Yelwa?

Akwai wani nau'in da ya fi wannan ɓoyewa, wanda ya fi kama tsofaffi. Dattijo ya bugi kansa a ƙofar zaure, ko ya zame a makewayi, kowa ya manta. Jini na tsattsafowa a hankali ƙarƙashin tantani. Bayan makonni sai a ga yana ruɗewa, yana jan ƙafa, yana yawan barci, a ce tsufa ne ya zo. Sau da yawa 'yar ƙaramar huda a ƙoƙon kai, a zuƙe tsohon jinin, ita ke dawo da shi hayyacinsa.

Inda marubucin ya yi daidai shi ne, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na raunukan ƙwaƙwalwa da ake kaiwa asibiti masu sauƙi ne, kuma yawancinsu kan warke cikin kwanaki ko makonni. To amma wa zai tsaya a bakin titi ya tantance wanda ke cikin masu sauƙin? Alamomin da ke wajabta garzayawa asibiti sanannu ne: suma ko da na ɗan lokaci ne, manta yadda abin ya faru, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake shan wahalar tada mutum daga gare shi, ruɗewa ko sarƙewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, jijjiga, fitar jini ko ruwa garai daga kunne ko hanci, da buɗewar baƙin ido ɗaya fiye da ɗayan. Ga jariri kuwa a kula da ƙin nono, da kuka ba ƙaƙƙautawa, da kumburin maɗiga. Wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki ma, kada a bar shi shi kaɗai a yini da daren farko. Farasitamol ya isa ga ciwon kai. Asfirin na ƙara zubar jini, tiramol da maganin barci kuma suna rufe alamomin da ake sa wa ido.

Hujja ta biyu: Sakkwato ta yi nisa

Likitoci sun kasa lahanin gida biyu. Akwai wanda ke faruwa a daidai lokacin buguwa, wannan babu mai iya mayar da shi. Akwai kuma wanda ke biyo baya cikin mintoci da sa'o'i: toshewar numfashi, faɗuwar ƙarfin jini, kumburi, da taruwar jini. Wannan na biyun shi ne ake iya tarewa, kuma rabin aikin tare shi a bakin titi da asibiti mafi kusa ake yin sa, tun kafin a yi zancen Sakkwato.

Abin da aka saba gani a wurin haɗari kowa ya san shi. Ɗan kabu-kabu na kwance, jama'a sun yi masa zobe. Wani ya kwara masa ruwan leda a fuska, wani ya cicciɓe shi ya zaunar, wani ya ɗura masa madara wai don ya farfaɗo. Daga nan a ɗora shi a kan wani babur tsakanin mutum biyu, kansa na lilo, a nufi kemis. Kowa a nan da niyyar alheri ya zo, amma madarar da aka ɗura wa sumamme huhu take tafiya, wuyan da ke lilo kuwa, in akwai karaya a cikinsa, laka yake yankewa, mutum ya shanye har abada. Abin da ya kamata ba ya cin ko kwabo: a tabbatar yana numfashi, a riƙe kai da wuya a layi ɗaya da jiki, in zai yi amai a juya shi gaba ɗayansa zuwa gefe, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ba shi komai ta baki, a ɗauke shi a kwance a kan katako ko ƙyaure. Lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

A 1974 wasu likitoci biyu a birnin Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin zurfin suma da duniya ke amfani da shi har yau. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana, da motsin jiki, maki daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi ne, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Ma'aunin ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Nas a Babban Asibitin Yauri, ko ma'aikacin lafiya a Wara ko Shanga, zai iya auna shi a kai a kai, in ya ga maki na sauka ya san lokacin tura mara lafiya gaba ya yi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1993 ya nuna faɗuwar ƙarfin jini ko da sau ɗaya ce tana ninka haɗarin mutuwa wajen sau biyu ga mai rauni mai tsanani. Maganin wannan shi ne tsayar da zubar jini da ƙarin ruwa, tare da iskar shaƙa. A 2019 wani babban gwaji da aka yi a kan mutum fiye da 12,000 a ƙasashe 29 ya nuna allurar tiranezamik asid, mai sauƙin kuɗi, tana rage mutuwa ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici da ke zubar jini a ciki, in an yi ta cikin sa'a uku. Wani gwajin na 2004 kuma ya nuna allurar sitiroyid da aka daɗe ana yi don rage kumburi ƙara mutuwa take yi, abin da ya isa gargaɗi ga masu karɓar allura a kemis. Wanne daga cikin waɗannan ne ya yi wa mutumin Yauri nisa?

Tiyatar ƙwaƙwalwa ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1962 Latunde Odeku ya fara ta a Ibadan. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato akwai cibiyar wannan fanni, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan Jihar Kebbi, ke haɗe da kafuwarta. A Birnin Kebbi kuma akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya. Gaskiya ne daga Yelwa zuwa Sakkwato, ta Koko da Jega da Tambuwal, tafiyar sa'o'i ce, kuma mutumin gungu sai ya fara ƙetare ruwa. Amma a wane hankali ne nisan hanya ke zama dalilin fasa tafiya? Mai albasa ya san Legas ta fi Sakkwato nisa, bai taɓa cewa a bar albasa ta ruɓe a rumbu ba, sammako yake yi. Abin da ke cinye kuɗi ya dawo da gawa shi ne a kwana biyu a gida, a kwana ɗaya wurin mai ɗori, sai mutum ya daina motsi sannan a nemi mota. Ɗori da ƙaho suna da wurinsu a wajen masu su, amma babu ɗayansu da ke kaiwa ga jinin da ke ƙarƙashin ƙashi.

Zancen kuɗi kuwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa ko da wane dalili ne, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Alƙalamin da ya iya lallashin talaka ya haƙura, da ya fi amfani in ya matsa wa hukuma ta cika abin da doka ta ɗora mata.

Hujja ta uku: iska ce ta taɓa shi

Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne ke riƙe linzamin hali: haƙuri, kunya, tsara aiki, auna magana kafin a furta ta. Sassan da ke gefe, daura da kunnuwa, suna da hannu a riƙe sabon abu da fahimtar magana. Waɗannan wurare su suka fi buguwa a haɗari, domin ƙashin da suke zaune a kai yana da tudu da kwari.

A ɗauki misalin masunci daga wata tunga a bakin tafkin Kainji, wanda ya kwana biyu a sume bayan haɗarin babur, ya warke, babu karaya, babu tabo sai ɗan kaɗan a goshi. Ya ɗauki taru zai ɗinke, ya yi rabi ya ajiye, ya manta da shi. Ya tambayi matarsa ko an kai kifin kasuwa, ta amsa, kafin a jima ya sake tambaya. Hayaniyar yara na sa shi zabura da faɗa, shi da a da ba a jin muryarsa. Ya tsaya salla ya rasa raka'a nawa ya yi. A wurin ta'aziyya ya saki maganar da ta sa kowa sunkuyar da kai. Da la'asar ya gaji liƙis ba tare da ya yi aikin komai ba. Ga marubucin, wannan mutum ko iskokin ruwa sun shafe shi, ko ya samu dalilin lalaci. Wace irin iska ce wannan da ba ta kama mutum sai ranar da goshinsa ya daki kwalta? Me ya sa ta fi son waɗanda ba su sa hular kwano ba? Kuma ta yaya alamominta suka zo iri ɗaya a Ngaski da Indiya da Amurka?

Tun 1848 irin wannan ya taɓa faruwa. Phineas Gage shugaban leburori ne a aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a jihar Bamont ta Amurka. Albarushi ya tashi, sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta saman kai. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai garaje da baƙar magana. Daga baya farfaɗiya ta kama shi, ya rasu a 1860.

Farfaɗiyar nan ma na cikin abin da ake ɗora wa iska. Tabon da rauni ya bari a ƙwaƙwalwa na iya tayar da ita bayan watanni ko shekaru. Ba a ɗaukar ta ta miyau ko taɓa jiki, ba a cusa wa mai ita cokali a baki, kwantar da shi ake yi ta gefe a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Tana da magani mai araha da ake sha kullum ba fashi, kuma mafi yawan masu ita sukan samu sauƙi da shi. A ƙasar da rayuwa ta dogara da ruwa, kuskure a nan kisa ne: mai farfaɗiyar da ba ya shan magani, in ta tashi yana cikin kwalekwale shi kaɗai, ruwa ne zai ci shi. Haka hawa babur, da hawa bishiya, da zama kusa da murhu.

Babu mai hana addu'a, kuma malamai sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Abin ƙi shi ne ɗaure mutum da mari, da dukansa don a kori abin da ke jikinsa, da turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, da sakin aure ko korar yaro daga makaranta saboda halin da rauni ya jawo. Wanda fushinsa ko baƙin cikinsa ya wuce misali, ko ya fara zancen kashe kansa, akwai likitocin da aikinsu ke nan, kamar na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Hujja ta huɗu: hular kwano kayan birni ce

A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa. A Kano har an kama masu babur sanye da ƙwarya a madadinta. An yi dariya, an wuce, dokar ta yi sanyi, kawuna suka ci gaba da fashewa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hular kwano ta ƙwarai na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Aikinta biyu ne: ɓawon waje na baza ƙarfin bugu, soson ciki na shanye shi. Sai an ɗaure igiyar haɓa take aiki, kuma wadda ta taɓa shan babban bugu ta gama nata.

Marubucin ya ce akwai zafi. Akwai shi kuwa, musamman a bazara. Shin kwaltar Yelwa ta fi ta Abuja laushi ne, ko ƙoƙon kan mutumin karkara ya fi na ɗan birni kauri? Ya ce hula ba ta hana ajali. Haka ne, birki ma ba ya hana ajali, amma ba a ji ya ba da shawarar a cire shi ba. Wanda asibitin tiyata ya fi yi wa nisa, ai shi ya fi kowa buƙatar abin da zai hana shi zuwa can.

Rigakafin ya haɗa da hana bugu a kan bugu. Ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba, ƙaramin bugu na biyu na iya yi mata mummunar illa. Ɗan dambe ko ɗan ƙwallon da ya faɗi ya tashi yana layi, wasansa na ranar ya ƙare, komai zugar makaɗa. Bennet Omalu, likita ɗan asalin Jihar Anambra, shi ne ya binciki ƙwaƙwalwar wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka a 2002, ya kuma wallafa a 2005 cewa bugu mai maimaituwa na lalata ta sannu a hankali, ya kai ga mantuwa da sauyin hali.

Hujja ta biyar: yadda ya dawo haka zai ƙare

Wannan ita ce hujjar da ta fi kashe gwiwa, kuma ba ta da tushe. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka mutu ba sa dawowa, amma waɗanda suka rage sukan buɗe sababbin hanyoyi su karɓi wani ɓangare na aikin, in ana motsa su. Sauƙi ya fi sauri a watanni shida na farko, yana kuma ci gaba har shekara biyu ko fiye. Gage ɗin da aka ambata, bayan duk abin da ya same shi, ya yi shekaru yana tuƙa keken dawakin fasinja a ƙasar Chile, aikin da ke buƙatar natsuwa da kiyaye lokaci.

Wani ɓangare na jinyar na ƙwararru ne: masu gashin ƙashi don motsa gaɓoɓi da koyon tafiya, masu koyar da magana da haɗiya, da likitan da zai riƙa duba magani. Ana samun irin waɗannan a manyan asibitocin Birnin Kebbi da Sakkwato, kuma iyali na iya roƙon a koya musu atisayen kafin a sallame su. Sauran aikin na gida ne. Wanda ke kwance a riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu don kada jikinsa ya yi gyambo, a riƙa miƙe masa hannu da ƙafa don kada su ƙage. A ba shi abinci a zaune, kaɗan-kaɗan, in yana ƙwarewa a gaya wa likita. Mai mantuwa a tsara masa yini a kan lokutan salla, a ajiye kayansa wuri ɗaya, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a sa masa ƙararrawar waya don shan magani. In ya fusata, gardama ƙara rura shi take yi, rage hayaniya da sauya zance sun fi. Komawa aiki a yi ta mataki-mataki: masunci ya fara da gyaran taru a tudu kafin shiga ruwa, in zai shiga kuma da abokin tafiya da rigar ceto. Ɗalibi a sanar da malamansa, a rage masa nauyi, a daina dukansa a kan hardar da ta zube.

Marubucin ya ce dangi sun isa. A aikace dangin nan mace ɗaya ce, uwa ko mata, wadda ke wanki da juyi da ciyarwa dare da rana, ga sana'arta ta tsaya. Ita ma tana buƙatar mai karɓarta. 'Yan'uwa su raba kwanaki, maƙwabta su yi wa gonar gayya, masallaci ya sa gidan cikin masu karɓar zakka. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da direbobi da masunta da masu haƙar zinariya, da ma suna karɓar kuɗin mako, za su iya ware asusun gaggawa, su kuma tsayar da motar da za a kira da dare, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kebbi, KECHEMA, hanya ce ta rage nauyin kuɗin jinya ga wanda ya yi rajista. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta shafi wanda nakasarsa ba ta ganuwa kamar yadda ta shafi gurgu da makaho.

Matsayin da wannan martani ya tsaya a kai a fili yake. Duk wanda kansa ya bugu a sa masa ido, mai alamar haɗari a kai shi asibiti a ranar, wanda halinsa ya sauya bayan rauni a ɗauke shi a matsayin mara lafiya, mai hawa babur ya sa hular kwano, wanda aka sallamo kuma a ci gaba da jinyarsa. Abin da ya rage na hukumomi ne: horar da 'yan kabu-kabu da direbobi taimakon farko, tanadar iskar shaƙa da motar ɗaukar marasa lafiya a Yauri da Shanga da Ngaski, da kusanto da hoton ƙwaƙwalwa da gashin ƙashi ga mutanen kudancin Kebbi.